Baba ya ce olsa ce, ni kuwa zufar ce ta tsorata ni

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 61, yana fama da ciwon suga da hawan jini, maganin kuma sai ya ga dama yake sha. Kusan wata biyu ke nan, in ya yi sauri ko ya hau bene sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce kamar an danne shi, in ya huta abin ya sake shi. Shekaranjiya da dare kuwa yana zaune abin ya taso masa: zafi daga saman ciki zuwa ƙirji, zufa ta jiƙa masa riga, ya yi amai sau ɗaya, sai da ya kusa rabin awa kafin ya lafa. Ya ce olsa ce, ya sha maganin ƙwannafi, ya hana a kai shi asibiti. Hankalina ya ƙi kwanciya, domin bara ƙaninsa yana tsaye yana magana ya yanke jiki ya faɗi, muka yi ta yayyafa masa ruwa muna yi masa fifita, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shin zuciya ce? In abin ya dawo me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan baffanki, ya ba Baba lafiya.

Tun kafin ki gama karanta wannan amsa ki sa a fara shirin mota. Baba ya ga likita yau, a sashen gaggawa na asibitin da ke da na'urar ECG, mai auna lantarkin zuciya. Ba gobe ba, ba kuma sai an ga yadda ya kwana ba. Abin da kika zayyana shi ne salon da likitocin zuciya suka fi tsoro: ciwon da a da sai an motsa jiki yake zuwa, hutu ya kore shi, yanzu ya fara zuwa mutum yana zaune, ya haura minti 20, ya zo da zufa da amai. Ko dai jijiyar da ke shayar da zuciyarsa tana gab da toshewa, ko kuma ta toshe a daren nan ta ɗan sake buɗewa, wato bugun zuciya ya riga ya same shi. Lafawar ciwon ba warkewa ba ce, kuma kwanakin da ke biyo bayan irin wannan dare su ne mafi haɗari. Kwana biyun da suka shige ba su goge shaida ba: in tsokar zuciya ta ji rauni, alamar takan zauna a jini mako ɗaya zuwa biyu, gwaji zai gan ta.

Kada ya tuƙa kansa. In kun isa, kada ku ce wa mai karɓar marasa lafiya olsarsa ce ta tashi, domin da wannan magana za a zaunar da ku a layi. Ku ce: dattijo ne mai shekara 61, mai suga da hawan jini, ya yi ciwon ƙirji na rabin awa yana zaune, da zufa da amai. Duk ma'aikacin jinyar da ya san aikinsa zai miƙe tsaye.

Zuciya tsoka ce, kuma duk jinin nan da ke ratsa cikinta dare da rana ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin, manya guda uku da suka kwanta a jikinta ta waje, faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a cikin bangon jijiyoyin nan, suga da hawan jini da taba sigari da yawan kolestarol suna ƙara masa gudu. In hanyar ta tsuke da kamar kashi 70 cikin 100, jinin da ke wucewa yakan ishi zuciya in mutum yana zaune, amma ba ya isar ta in ya hau bene. Ciwon da Baba ya yi wata biyu yana ji ke nan. Ranar da fatar da ta lulluɓe kitsen ta tsage, jini yakan ɗauki wurin tamkar rauni, ya daskare a kai, cikin 'yan mintoci gudan jini ya cike ragowar hanyar. Kamar gonar rani ce da aka toshe wa magudanar ruwa: shukar ba ta bushewa gaba ɗaya, daga can ƙarshe take farawa tana matsowa, abin da za a tsira da shi kuma ya danganta da yaushe aka sako ruwan. Tsokar zuciya takan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30 da yankewar jini, kafin awa 6 mafi yawan yankin da jijiyar ke shayarwa ya tafi. Wurin da ya mutu tabo yake zama, tabo kuwa ba ya harba jini. Daga nan ake samun wanda ya tsira da ransa amma ya ƙarasa kwanakinsa da haki da kumburin ƙafa.

Baba yana da uzuri da ya kira abin olsa. Ƙasan zuciya yana zaune daf da saman ciki, kuma jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga zuciya da maƙoshi da tumbi suna haɗuwa a laka, ƙwaƙwalwa ba ta iya tantance inda saƙon ya fito. Shi ya sa in jijiyar da ke shayar da ƙasan zuciya ce ta toshe, abin da mutum ke ji shi ne ƙuna a saman ciki, gyatsa, tashin zuciya da amai. Maganin ƙwannafin da ya sha bai tabbatar da komai ba. Gudan jinin yakan ɗan narke ya sake haɗuwa, ciwon ya yi ta zuwa yana tafiya, duk abin da aka sha daidai lokacin lafawa shi ke kwashe yabo. Abu biyu a wasiƙarki sun ƙaryata olsa. Olsa ba ruwanta da hawan bene, ci da yunwa take bi. Ba ta kuma saba jiƙa wa mutum riga da zufa mai sanyi ba, in kuwa ta yi haka to ta fashe ko tana zubar da jini, shi ma asibiti ne yanzu-yanzu.

Ciwon bugun zuciya ba kasafai yake zuwa da sara ko suka ba. Masu shi sukan ce nauyi, matsi, ɗaurewa a tsakiyar ƙirji, in an ce su nuna wurin kuma da dunƙulallen hannu ko tafi suke nunawa, ba da ɗan yatsa ba. Yana iya gangarawa hannun hagu, ko na dama, ko duka biyun, yana iya hawa wuya da muƙamuƙi, ko ya ɓulla tsakanin kafaɗu ta baya. Ciwon da ake nunawa da kan yatsa, ko mai zuwa ya wuce cikin daƙiƙa biyu, ko wanda ke ƙaruwa in an danna wurin, galibi na tsoka ne ko haƙarƙari. Galibi na ce, ba kullum ba. Ga mai suga ma lissafin daban yake, domin suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, sai ɓarna ta yi nisa mutum bai ji komai a ƙirji ba: haki kawai, ko kasala ta farat ɗaya, ko zufa, ko ruɗewa. Haka yake yawan zo wa mata da tsofaffi. Wani kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko na'urar awon jini ta gida, a ga 130 bisa 80, a ce ai lafiya lau. A tsakiyar bugun zuciya awon jini yana iya zama daidai, ko sama, ko ƙasa. Ba shi ke yanke hukunci ba.

In abin ya dawo, tambaya ɗaya za ki yi wa kanki: yana amsa magana ko ba ya amsawa? Ita ke raba aiki biyu da ba su yi kama da juna ba.

In yana amsawa, zuciyar tana harbawa, aikinki shi ne ki kai shi inda za a buɗe jijiyar. Ki duba agogo ki riƙe lokacin da ciwon ya fara, domin da shi likita zai zaɓi magani. Ciwon da ya kai minti 5 bai sake shi ba, ko ya zo da zufa ko haki ko amai, a kira motar asibiti nan take. Lambar agajin gaggawa ta inda kuke, yau za ki nemo ta ki sa a wayar kowa a gidan. Motar asibiti ta fi ta gida saboda tana ɗauke da na'urar farfaɗo da zuciya in ta tsaya a hanya, kuma a awar farko aka fi samun tsayawar. In babu ita ko za ta yi jinkiri, a sa shi a mota, wani ya tuƙa, ke ki zauna gefensa a baya. Ya zauna a jingine, a sassauta masa tufafi. Kada ya taka zuwa mota in ana iya ɗaukarsa a kujera, kada ya shiga banɗaki ya sa sakata, kada a ba shi abinci.

Sai asfirin, miligiram 300, ya tauna ta kada ya haɗiye ɗungurum. In ƙananan nan ne masu 75, ya tauna huɗu. Taunawa ke sa ta shiga jini da wuri, musamman masu rufin nan da aka yi don kada su narke a tumbi. Ba don ta kashe zafi ake ba da ita ba, aikinta hana gudan jinin ƙara girma. Ba a ba wanda take tayar wa da borin jini ko sarƙewar numfashi, ko wanda ke zubar da jini a ciki, alamarsa aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin. Ba a ba wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya saki, domin mai yiwuwa jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa. Haka ciwon da ya faɗo farat ɗaya kamar ana yaga ƙirji zuwa baya, wanda kan nuna babbar jijiyar jiki ce ta tsage. Tun da Baba yana zargin olsa, yau ki tambayi likita kai tsaye ko asfirin ta dace da shi, kada sai tsakar dare a tsaya gardama. Farasitamol ba ya tsaya mata. Diclofenac da ibuprofen kuwa, waɗanda hannu ya fi saurin kaiwa gare su, cutar da zuciya suke yi a wannan hali.

In likita ya rubuta masa maganin da ake sawa ƙarƙashin harshe, wato GTN, ƙwaya ko feshi, ya yi amfani da shi a zaune, domin yana saukar da jini mutum ya yi jiri ya faɗi. A sa ɗaya a jira minti 5, in ciwon bai tafi ba a kira agaji sannan a ƙara, kada a wuce uku. Ba a sawa in awon jini na sama ya gaza 90, ba a kuma aron na wani. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, GTN na iya faɗar da jininsa warwas. Wannan ba tambayar da 'ya za ta yi wa mahaifinta ba ce. Ku fita ku ba likita wuri ya gana da shi shi kaɗai, shi zai tambaya. Saƙon nan kuma da ke yawo a waya, wai mutum ya yi ta tari da ƙarfi zai ceci kansa, ɓata lokaci ne.

A asibiti, ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka ita ce a yi ECG a karanta shi cikin minti 10 da isowa. Wayoyi goma ake maƙalawa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, su nuna lantarkin zuciya ta fuska 12, babu zafi babu allura. In wani sashe na layin, wanda ake kira ST, ya ɗaga sama, to jijiya ta toshe ruf, ba a jiran sakamakon jini. In bai nuna komai ba, ba a wanke mutum ba tukuna. ECG na farko yakan fito lafiya a bugun zuciya na gaske, don haka ake maimaita shi kowane minti 15 zuwa 30 muddin ciwon yana nan, a kuma ɗebi jini a auna turoponin, sinadarin da ke tsiyayowa daga tsokar zuciya in ta ji rauni. Shi ma yakan ɗauki awa 2 zuwa 3 kafin ya hau sosai, shi ya sa ake ɗiba sau biyu, da tazarar awa 1 zuwa 3 a sabon gwaji mai kaifi, ko awa 3 zuwa 6 a tsohon. Sallamar mai ciwon ƙirji da ECG ɗaya da jini ɗaya da aka ɗiba da wuri sanannen kuskure ne mai cin rai, kuna da damar tambaya ko za a maimaita. A wajen Baba, ko duka gwaje-gwajen yau sun fito lafiya, labarin da kika bayar kaɗai ya isa a riƙe shi a fara masa magani, a yi hoton zuciya na eko, a shirya duba jijiyoyin kansu.

Jijiyar da ta toshe ruf hanya biyu ake buɗe ta. Mafi kyau ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta gindin cinya har zuwa zuciya, a tura rini a ga inda ya tsaya, a hura ɗan balan-balan a wurin, a bar ɗan zoben ragar ƙarfe da ake kira sitent ya tokare bangon. Mutum yana farke ake yi, wurin shigar kawai ake kashewa. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a 1977. Sharaɗin shi ne a iya yin aikin cikin minti 120 da gano cutar. In asibitin da ke da ɗakin wannan aiki ya fi haka nisa, ba a jira: a yi allurar narkar da gudan jini cikin minti 30 da isowa, ko streptokinase ma'auni miliyan 1.5 a ruwan drif na minti 30 zuwa 60, ko tenecteplase allura ɗaya gwargwadon nauyin mutum. Ta fi aiki a awa 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 amfaninta ya yi ƙaranci, kin ga dalilin riƙe agogo. Haɗarinta zubar jini ne, kusan mutum 1 cikin 100 a ƙwaƙwalwa, don haka za a tambaye ku ko jini ya taɓa fashe masa a ka, ko ya yi shanyewar ɓarin jiki a watannin baya, ko tiyata ko buguwa a ka a makonnin baya, ko yana shan maganin tsinka jini. Ku amsa daidai. Ba kullum allurar ke buɗe jijiyar ba. Akan sake ECG bayan minti 60 zuwa 90, in ST bai sauka da rabi ba a garzaya da shi wurin bututu, ko ya sauka ma akan so a duba jijiyar cikin awa 24. Wanda aka taɓa yi wa streptokinase ba a sake yi masa ita, jiki yana haɗa mata garkuwa, ku rubuta ku ajiye. In kuwa toshewar ba ruf ba ce, allurar narkarwa ba ta da amfani. Magungunan hana daskarewar jini ake bayarwa, a duba jijiyoyin cikin kwana ɗaya zuwa uku. Iskar oksijin sai in awonta a yatsa ya gaza 90, rashin sa masa ita ba sakaci ba ne.

Yanzu aiki na biyu, wanda ya shafi baffanki. Yadda kika siffanta faɗuwarsa, siffar tsayawar zuciya ce, kuma kada ku ɗora wa kanku laifi, abin da kuka sani kuka yi. A nan lantarkin da ke tsara harbawar zuciya ne ke rikicewa, ƙasan zuciya ya koma makyarkyata maimakon matsa jini. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 mutum ya fita hayyacinsa, bayan minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Bugun zuciya shi ne babban mai jawo ta ga manya. Ruwa da fifita da ɗaga ƙafa na mai suma ne, shi kuwa mai suma yana numfashi daidai, ya farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu.

Gane ta bai kamata ya ci daƙiƙa 10 ba. Ki jijjiga kafaɗunsa ki kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, ki kwantar da shi rigingine, ki ɗan ɗaga haɓarsa, ki dubi ƙirjinsa. In yana numfashi a tsare kamar mai barci, ki juya shi kan gefensa ki kira agaji ki sa masa ido. In ba ya numfashi, ko numfashin ba irin na kullum ba ne, zuciya ta tsaya. A nan mutane suka fi ruɗuwa. Da yawa daga cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya sukan yi kakari, su ja iska jefi-jefi da ƙara kamar minshari, baki yana buɗewa. Wasu su ce ai yana numfashi a bar shi ya huta, wasu su ce gargara ce a rufe shi. Duka biyun kuskure ne: wannan kakari alama ce cewa yanzu-yanzu abin ya faru, kuma shi ne ya fi damar dawowa in aka danna masa ƙirji. Wani kuma yakan ɗan yi fisge-fisge na 'yan daƙiƙu a ɗauka farfaɗiya ce. Kada ki tsaya laluben harbawar jijiya a wuya, ko ma'aikatan lafiya tana ruɗa su a cikin tashin hankali.

Ki nuna mutum ɗaya ki kira sunansa ki ce ya kira agaji, wani ya nemo na'urar AED, mai ba zuciya girgizar lantarki, in akwai ta kusa. In aka ce "wani ya kira" babu mai kira. In ke kaɗai ce, ki buɗe sifikar waya ki ajiye ta gefe. Ki sauko da shi ƙasa mai tauri, domin a kan katifa katifar za ki yi ta dannawa. Ki durƙusa gefensa, ki ɗora gindin tafin hannunki a tsakiyar ƙirji, a rabin ƙasa na ƙashin ƙirjin, ki ɗora ɗaya hannun a kai ki sarƙe yatsu. Gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunki saitin hannuwanki, da nauyin jiki za ki danna ba da ƙarfin dantse ba. Zurfi santimita 5 zuwa 6, sauri 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa, kina ƙirgawa a fili. Bayan kowace dannawa ki bar ƙirjin ya dawo sama sosai ba tare da kin ɗauke hannu ba, a wannan dawowar ce zuciya ke cika da jinin da za ki tura. Wanda ya koyi hura numfashi ya yi dannawa 30 hurawa 2. Wanda bai koya ba ya yi ta dannawa kawai, ga babban mutum da ya faɗi farat ɗaya akwai sauran iska a jininsa na mintocin farko. Yaro da wanda ya nitse a ruwa su ne ba a barin hurawa gare su.

Kurakuran sanannu ne: dannawa sama-sama don tausayi, jingina a kan ƙirjin, da yawan tsayawa a duba ko ya farfaɗo. Duk tsayawar da ta haura daƙiƙa 10 tana zubar da ƙarfin jinin da aka tara, sai an sake ginawa daga farko. Gajiya tana rage zurfi tun kafin mai yi ya ankara, don haka a yi musanya kowane minti 2. Za ki iya jin haƙarƙari ya yi ƙara ko ya karye, ki ci gaba, ƙashi yana ɗoruwa. An ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma ban da nan. Dannawar da ba ta cika ƙa'ida ba ta fi tsayawa kallo nesa ba kusa ba, kuma fara ta da wuri yana ninka damar tsira sau biyu ko uku. Tun 1960 masu bincike a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka nuna hannu biyu sun isa a riƙe jini yana zagayawa ba tare da an buɗe ƙirji ba. In mace ce ta faɗi, kada kunya ta hana, wurin hannu ɗaya ne.

Sai dai dannawa ba kasafai take tayar da zuciya ba. Kamar kwata zuwa sulusin jinin da aka saba take turawa, ta riƙe ƙwaƙwalwa har na'urar da ke ba zuciya girgizar lantarki ta iso. AED an yi ta ne don wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba, ana samunta a filayen jirgi, filayen wasa da manyan ma'aikatu a ƙasashe da dama. A kunna ta, da murya za ta faɗi abin yi. A buɗe ƙirjin a goge zufa, a manna faifai ɗaya ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata, ana mannawa ana ci gaba da dannawa. In ta ce a ja da baya kowa ya ɗauke hannu. Ita ke tantancewa, ba ta girgiza zuciyar da ba ta buƙata. Da ta bayar da girgizar a koma dannawa nan take na minti 2, kada a tsaya jiran ya buɗe ido. In ta ce babu girgiza, ba ta ce a daina ba, a ci gaba da dannawa. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan a ranar 12 ga Yuni 2021, da Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a wasansu da Finlan: an fara danna masa ƙirji a filin, an ba shi girgiza, ya dawo, bayan wata takwas ya koma buga wasa da na'ura a ƙirjinsa. Ba a dainawa sai ya fara motsi da numfashi na sosai, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. Su za su ƙara da allurar adirenalin, mai zaburar da zuciya, miligiram 1 kowane minti 3 zuwa 5. Karatu ba ya maye gurbin gwadawa da hannu, ki nemi ajin agajin farko na Red Cross ko Red Crescent ko na wani asibiti, ku je ku biyu ko uku daga gidan.

In an tabbatar zuciya ce, Baba zai fito da magunguna da yawa, kuma ɗabi'ar sha in an ga dama ta ƙare. Asfirin ƙarama kullum, da abokiyarta irin clopidogrel ko ticagrelor galibi na wata 12, da maganin kolestarol mai ƙarfi irin atorvastatin, da na hawan jini da na rage gudun zuciya in likita ya ga dacewarsu. Wanda aka sa wa sitent ya bar magungunan nan biyu na farko ko na 'yan kwanaki ne, jini na iya daskarewa a cikin ƙarfen ya toshe shi farat ɗaya. Ko likitan haƙori ne ya ce a dakatar, sai an tuntuɓi likitan zuciya. In yana shan taba, ranar bari ta zo.

Saura yadda za a fitar da shi daga gida. Dattijon da ya binne ƙaninsa bara ya san abin da yake zargi, kalmar olsa mafaka ce. Kada ki yi gardama da shi a kan suna, kada kuma ki kawo maganar marigayi don ki tsorata shi. Ki ce masa: "Baba, mai yiwuwa olsar ce, gwajin minti biyar ne zai raba gardama, don Allah ka yi saboda hankalinmu ya kwanta." In ya ƙi, ki kira wanda ba ya iya yi wa musu, yayansa ko amininsa, ya zo da kansa yau. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, da duk wani tsohon ECG in akwai, domin kwatanta sabo da tsoho yana nuna abin da ɗaya kaɗai ba ya nunawa. Ki gaya wa likitan yadda baffanki ya rasu da shekarunsa a lokacin. In bai kai 55 ba, sauran 'yan'uwan Baba da 'ya'yan marigayin su ma su je a auna musu jini da suga da kolestarol, a yi musu ECG.